Makullin Sito a Aljihun Suruki

Sau uku likitan ido ya taso daga Katsina don ya yi wa matata aiki, sau uku ya koma bai taɓa idonta ba. Ba a yi faɗa ba. Babu wanda ya ɗaga murya. Duk wanda ka tambaya a asibitin zai ce maka lafiya lau ake zaune.

Ni ne mai gadin ƙofa a lokacin. Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a Kankiya, can baya da babban titi. Mai shi ɗan kasuwa ne, yana zaune a Kano, sai da salla muke ganinsa. Wanda yake riƙe da wurin shi ne Manaja.

Manaja taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara a Kusada nake kiransa bawana, shi ma yana kirana bawansa, har yau ba a raba wannan gardamar ba. Shi aka kai makaranta. Ni aka zaunar a maƙera, don gidanmu maƙera ne. Na gudu na bi mota. Shekara goma sha ɗaya ina yaron mota, har ranar da ta kife da mu da lodin gero a hanyar Kano. Mu shida ne a sama. Ni kaɗai na tashi, ni ɗin ma ba duka ba: ƙafar hagu ta gajarce, yatsu biyu na baro su can. Na yi dako, na yi faskare, na yi abin da ya samu. Da Manaja ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma aka ba shi riƙon asibitin, sai ya aiko a kira ni. Ya ce gurgu ya fi dacewa da gadi, ba zai bar ƙofa ya tafi yawo ba. Na ce madalla, bawa ya tuna da ubangidansa.

Likitan ido kuwa Bafillace ne, daga wata ruga kusa da mu. Ubansa na nan da shanunsa. A maƙerarmu yake gyara gatari, kuma bai taɓa tashi ba sai mun tsokane shi ya rama, don Fulani da maƙera abokan wasa ne. Ɗan ya yi karatu ya zama likita, ya dawo ya auri ɗiyar Manaja. Ɗiyar fari. Wadda ko sunanta Manaja ba ya faɗa, sai dai ya ce "yarinyar nan", ga ta da 'ya'ya biyu.

Mai asibiti ne ya shirya cewa Likita zai riƙa zuwa mana duk Larabar farkon wata, daga safe zuwa azahar, don da yamma yana da aiki a Katsina. Kowa ya ce abu ya yi kyau, suruki da suruki, aiki zai tafi sumul. Ranar da ya fara zuwa ya sauko daga mota ya nufo ni zai durƙusa, wai ni ma baban matarsa ne.

Na ce, "Tashi, ɗan Fulani. Wasanmu ya girmi aurenka."

Ya miƙe da sauri. Ya ce, "Dama gwiwata ba ta son durƙusa wa maƙeri."

Matata kuwa ciwon yana ne ya rufe mata ido, duka biyun. Da farko cewa take hayaƙi ya yi yawa a tsakar gida. Babu hayaƙi. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida tun kafin in aure ta. Ranar da ta kai hannu cikin mai maimakon ƙullu, na kashe wutar na ɗauke kaskon. Daga nan ta zauna. Da rana matar ƙanena ke leƙa ta, da yamma in hau mashin in komo Kusada in ɗora tukunya. Tana ci tana zagin tuwon.

Likita ya duba ta ya ce yanar ta nuna, aikin ɗan lokaci ne. Ya ce da na hagun za a fara, kuma kada a ja shi da nisa, don in ta wuce lokacinta takan ɓata idon gaba ɗaya. Watannin farko dubawa kawai yake yi da rubuta sunaye, da fitilarsa da ya zo da ita. Sai aka sa ranar fara aiki.

Akwai abu biyu game da Manaja. Na ɗaya, a ƙaramar hukuma sito ya riƙe har ya yi ritaya, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Makullansa a igiya suke, igiyar a ɗaure da mazagin wando, makullan a aljihu. Ko bayan gida da su yake zagayawa. Na biyu, tun da Likita ya fara zuwa, duk Larabar farkon wata sai an yi masa rasuwa a garin Mawashi. In ba rasuwa ba, suna. Ƙarfe takwas zai turo mashin ɗinsa ya ce, "Bawa, buɗe mini." Ƙarfe takwas da rabi motar Likita za ta iso.

Larabar farko na kawo matata da sassafe. Tsofaffi goma sha ɗaya ne a kan benci, kowa da mai jan sandarsa. Sista, wato babbar nas ɗinmu, ta je ɗauko kayan aiki a sito ta tarar da kwaɗo. Ta kira Manaja, waya ba ta shiga. Ta ce wa Likita ko zai gwada ɗaya layin. Ya dubi wayarsa kamar garwashi aka miƙo masa.

Ya ce, "A'a, kada a tayar wa Baba hankali a wurin ta'aziyya. Ba komai."

Na ce, "Ni ɗan maƙera ne. Wannan kwaɗon bugu ɗaya ne."

Ya ce, "In fasa ƙofar surukina? A ranar farko?"

Ya zauna har rana ta take. Ya ba tsofaffi maganin ɗigawa ya tafi. Motarsa ko titi ba ta hau ba sai ga Manaja, kamar wanda yake laɓe bayan masallaci yana leƙe. Ya tambayi Sista ya aiki. Yarinya ce mai ladabi, ba za ta ce wa dattijo ya yi kuskure ba. Ta ce, "Likita ya ce ba komai, sai wata mai zuwa." Ya ce madalla.

Na ce, "Ka tafi da makulli."

Ya shafa aljihu. "Subhanallahi! To mi ya hana shi kirana?"

"Mi ya hana ka zama?"

Ya ce, "Kai bawa, ba ka san kunya ba. Koma ƙofarka."

Laraba ta biyu ya zare makullin sito ya ba Sista, har yana kallona. Ya tafi suna. Ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Tukunyar da ake dafa kayan aiki da wuta take aiki, haka na'urar da Likita ke leƙa ido da ita. Janareta na nan, mai na ciki, ɗakinsa a kulle. Makullin na Mawashi yana cin naman suna. Wannan karon waya ta shiga. Manaja bai taho ba, sai ya ba wani ɗan acaba makullin. Shi kuma ya fara kai wata mata da akuyarta wani ƙauye tukuna. Sha biyu ta gota ya iso. Kafin kaya su dahu su huce an kira azahar.

Likita ya ce, "Ba komai."

A hanyar komawa gida matata tana tsakiya, ni ina baya, mai mashin yana jinmu. Ta ce, "Wai kai mi kake gadi a wurin nan? Duk ƙofar da ke da amfani a rufe take. Taka kaɗai ce a buɗe."

Mai mashin ya yi dariya har muka kusa faɗawa gona.

Gunagunin mutane ya kai Kano. Mai asibiti bai zo ba, sai ya aiko da gyara. Ya ce dole a kyautata hulɗa tsakanin asibiti da likitoci. Ya aiko da akwatin ƙorafi, kore, aka kafa shi a bango. Makullinsa ya shiga igiyar Manaja. Wa zai rubuta ƙorafin surukinsa ya jefa a akwatin da surukin ne zai buɗe? Mai asibiti ya ce a buɗe guruf a waya. Aka buɗe. Sista ta ce mini duk Juma'a Manaja kan turo addu'a, Likita ya amsa da "Amin, Baba." Abin da ke ciki ke nan. Mai asibiti ya sake cewa a riƙa taro. Aka jera kujeru a ofis. Da Likita ya ji cewa a kujera zai zauna, kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa, sai ya aiko cewa uzuri ya taso masa.

Amma ya rubuto takarda. A zuwansa na biyu, da yake sito a buɗe yake, ya ga ruwan allurar da ake kashe zafin ido da shi ya kusa ƙare kwanakinsa. Ba zai kai wata na uku ba. Ni ban yi boko ba, daga baya Sista ta karanta mini takardar. Shafi ɗaya da rabi gaisuwa ce. Ya gai da Baba, ya gai da Inna, ya gai da ƙannen matarsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiya kan ɗawainiya. Can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa, ya ce akwai wani ɗan magani da in Baba ya samu sarari za a iya dubawa, amma ba da gaggawa ba. Manaja ya karanta, ya ji daɗin tarbiyyar yaron, ya huda takardar ya sa a fayil.

Laraba ta uku komai a buɗe. Janareta na ruri. Kaya sun dahu. An sa wa matata koriyar riga, an ɗaure mata kai, an kwantar da ita a ɗakin tiyata. Ina bakin ƙofa ina jan carbi da yatsun da suka rage. Likita ya ɗaga kwalbar ya karanta gefenta. Ya ajiye. Ya ɗaga wata. Duka kwanansu ya wuce. Sista ta ce ya daɗe a tsaye kafin ya ce a tayar da Inna, wato matata, a mayar mata da kayanta.

Da zai fita ya tsayar da mota a wurina ya sauke gilashi.

Ya ce, "Maƙeri, wata mai zuwa zan zo in miƙa katunan mutane. Daga nan shi ke nan. Aiki ya yi mini yawa a Katsina."

"Aiki ko fushi?"

"Ni wa, da zan yi fushi da Baba? Amma mutum yana gane inda ba a bukatarsa. Duk ranar da zan zo sai ya bar garin. Na rubuta takarda, ko amsa."

Na ce, "Idon tsohuwata fa?"

Ya kau da kai. Ya ce in kawo ta Katsina, sai dai layin can ya kai bayan girbi. A farkon bazara muke. Na tambaye shi ko na hagun zai jira. Ya ce Allah ne masani. Na san likita in ya faɗi haka.

Ranar matata ba ta yi wa kowa ba'a a kan mashin ba. Da muka isa ta lallaɓa bango ta shiga ɗaki. Na kai mata tuwo ta ci ba ta ce komai a kansa ba. Can ta ce, "Ka daina kai ni. Na fara sabawa."

Na ga gawa a titi, na kwana wata huɗu a gadon asibiti da ƙarfe a ƙafa. Wannan maganar ta fi su zama mini a ƙirji.

Washegari na shiga ofishin Manaja ba sallama. Na tarar ya ciro takardar daga fayil yana sake karantawa, ya riga ya aika a sayo maganin. Na ce masa Likita zai bar zuwa.

Ya ce, "Na san za a yi haka. Ya raina wurin. Mutumin da ya saba da babban asibiti, mi zai yi da namu? Kowane wata da dalilinsa. Ni da har gari nake bar masa don ya sake."

Na ce, "Shi kuwa cewa ya yi kai ne ba ka son ganinsa."

Ya yi dariya. "Ƙarya kake, bawa. Tun kana yaro kake haɗa ni faɗa da mutane."

Na sa Sista ta kira mini Likita a waya na faɗa masa abin da surukinsa ya ce. Shi ma dariya ya yi. Ya ce, "Maƙeri, ƙarfe ake ƙerawa, ba magana ba."

Nan na gane inda abokin wasa yake da rauni. Duk abin da na faɗa musu ba sa fushi. Duk abin da na faɗa musu kuma ba sa yarda. Sai sun ji da kunnensu.

Ana jibi Laraba ta huɗu na ce wa matata ta shirya.

Ta ce, "Na ce maka ba ni zuwa."

"Ba aiki za a yi ba. Faɗa za a yi."

"Wa da wa?"

"Manaja da surukinsa."

Ta ce, "In faɗa ne, ka gaya wa mai mashin ya zo da wuri."

Ƙarfe bakwai Manaja ya shigo. Na tura ƙofa na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a mazagin wandona. Ƙarfe takwas ya turo mashin, ya sha babbar riga.

"Bawa, buɗe mini."

"Makulli ya tafi ta'aziyya."

"Ta'aziyyar wa?"

"Ta wanda ke mutuwa duk Larabar farko. Mutanen Mawashi sun aiko, sun ce ka bar su haka, sun kusa ƙarewa."

Ya dubi titi, ya dube ni. "Kada ka yi mini haka. Yanzu zai iso."

"Shi nake jira."

"Wallahi sai in kore ka."

"Kore ni. Ta ina zan fita?"

Sai ga ƙarar mota. Ban taɓa ganin dattijo da babbar riga ya yi sauri irin na ranar ba. Ya jingine mashin a bango ya faɗa ofis. Na buɗe wa Likita, ya shigo, na mayar da kwaɗo. Ya ga mashin ɗin, ya gane mai shi, ya tsaya riƙe da ƙofar mota.

Ya ce, "Baba na nan?"

"Yana nan. Kai ma kana nan. Biyo ni."

Akwai labulen nan mai ƙafafu da ake kare majinyaci da shi in za a yi masa wanka. Na riga na gaya wa Sista. Ta turo shi ta tare bakin ofis da shi. Manaja na ciki a kujerarsa, Likita na waje a baranda. Duk da labulen sai da ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Na jawo kujerar tsugune na zauna a gefe, inda nake ganin kowa. Sista ta kawo matata ta zaunar da ita a ƙarshen barandar, nesa da sauran tsofaffi.

Na ce, "Ga yadda za a yi. Ba ku ga juna ba. Ba ku ji juna ba. Kowa da ni zai yi magana, ni zan kai."

Suka fara gaisuwa. Ka ce wa Baba ina kwana. Ka ce masa lafiya lau, ya hanya. Ka ce wa Baba ya Inna. Ka ce masa ya yaran. Na bar su har suka kai kan ruwan bara.

Na ce, "Kowa lafiya. Shanu ma lafiya. A shiga magana."

Likita ya sunkuyar da kai. "Ka ce wa Baba, wallahi duk ɗawainiyar da ake yi ina gani, Allah ya saka da alheri. Sai dai wani lokaci, ba laifin kowa ba ne, akan ɗan samu jinkiri ta wajen wasu 'yan abubuwa."

Na juya ciki. "Ya ce wata uku kana ɓata masa aiki."

"Ban ce haka ba!"

"Da ni kake ko da shi? In da shi kake, in janye labule."

Ya sake sunkuyar da kai.

Manaja ya gyara murya. "Ka ce masa asibitin nan nasa ne, mu masu tsaro ne kawai. In kuma ya ga wurin ya yi masa kaɗan, ba za mu tauye shi ba. Babban mutum sai babban wuri."

Na juya waje. "Ya ce ka raina shi."

Manaja ya ce, "Kai, ɗan banzan bawa!"

Likita ya ɗago kai. Ya manta da ni, labule yake kallo. "Ni? Ni da nake idar da asuba in kama hanya? Ni na roƙi a sa ni a nan, don mutanenmu ne. Ka tambayi Baba... a'a, bari, kada ka tambaye shi."

Na juya ciki. "Ya ce mi ya sa kake gudu duk ranar da zai zo?"

Ina ganin Manaja yana murza makullai a aljihu.

Ya ce, "Ka ce masa ranar da ya fara zuwa na fito ofis. Yana sanye da farar riga, majinyata sun cika benci. Yana ganina ya zube har ƙasa. Na ga tsofaffin suna tambaya wai wannan ne likitan. Na ce mutumin da zai sa wuƙa a idon mutane bai kamata su gan shi a ƙasa ba. Kuma hannu ba ya tsayawa daidai in suruki na kusa. Shi ya sa nake fita. Babu wanda ya mutu a Mawashi. Gindin wata bishiya nake zama har azahar."

Wannan ban rage mata komai ba. Na ce wa Likita, "Ka ji."

Ya ce ya ji. Ya ciro hankici ya ce ƙurar janareta ce. Ba a ma tayar da janareta ba.

Manaja ya ce, "Ka tambaye shi, takardar nan. Ya ce ba da gaggawa ba."

Likita ya ce, "Ka ce wa Baba da gaggawa ne. Hannuna ne ya kasa rubutawa."

Daga ƙarshen baranda matata ta ɗaga murya. "To ni a rubuta mini. Da gaggawa ne. Na zo jin faɗa, ga shi ko faɗan ba ku iya ba."

Sista ce ta fara fashewa da dariya, ta toshe baki da mayafi. Sai na ji ta bayan labule ma. Likita ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta ce haƙurinta na sito, a tambayi mai makulli.

Daga nan magana ta yi sauƙi, ko da yake ta bakina ta ci gaba da bi. Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Makullin sito da na janareta za su koma hannun Sista. Manaja ya tashi zai kwance igiyar, ƙullin ya ƙi, don ya shekara nawa ba a taɓa shi ba. Na ciro wuƙata na yanke. Ya dubi guntun igiyar kamar an yanke masa yatsa. Na ce ya yi shiru, ni biyu na rasa ban yi wannan fuskar ba.

Abin da Likita ke bukata zai faɗa wa Sista da baki, ita ta rubuta: sunan abu, guda nawa, ranar da ake so. Ba gaisuwa. In yana son gai da Baba ya je gida. Manaja zai daina fita ran Laraba, zai zauna a ofis ya turo ƙofa. Likita zai gaishe shi sau ɗaya, da isowarsa, kafin ya sa farar riga. Kafin ya tafi kuma za a jawo labule, kowa ya faɗi abin da ya ga ya tafi daidai da wanda bai tafi ba.

Na ce wa Likita, "Katunan da ka zo miƙawa fa?"

Ya ce, "Suna mota. Kayan aikina ma suna mota." Ya dubi agogo. "Sista, a tayar da janareta."

Mutum huɗu ya yi wa kafin azahar. Matata ce ta biyu. Ta fito da auduga a idon hagu tana cewa ba ta ji komai ba, sai surutun Bafillace a kanta. Manaja bai fito ba har motar ta tafi. Da na leƙa yana zaune, hannunsa a cikin aljihun da babu komai.

Ya ce, "An yi?"

"An yi."

"To buɗe ƙofar mutane, bawa. Asibiti ne, ba kurkuku ba."

Washegari na dawo da ita Sista ta cire audugar. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta dubi bango, ta dubi Sista ta ce ashe yarinya ce ƙarama. Sannan ta juyo kaina. Ta dube ni daga hula har takalmi.

Ta ce, "Wata nawa kana zuwa aiki da wannan rigar?"

Na ce tun da ta zauna.

"Wa ya ɗinke maka aljihun da jan zare?"

"Ni."

Ta ce, "Mu je gida. Ina jin tsoron abin da zan gani a tukwanena."

Da salla mai asibiti ya zo. Ya ga layin masu ido ya ragu, ya ji daɗi. Ya tara mu ya ce ya san akwatin nan da guruf ɗin za su yi aiki, haka ake yi a manyan wurare. Manaja ya ce ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Ni ina ƙofa, ba a tambaye ni ba.

Labulen ya yi kusan shekara ana jawo shi. Tun ina kai magana, har suka fara amsa wa juna kafin in buɗe baki. Wata rana na tashi na koma ƙofa suna tsakiyar zancen na'ura, ba wanda ya lura. Ido da ido dai har yanzu ba sa haɗawa. An yi wa matata ɗaya idon bayan wata biyu.

Bara ƙafar ta ƙi tsayuwa, na ajiye gadi. Yanzu ina Kusada, a gidan da aka haife ni, da tumaki huɗu da ɗan filin wake a bayan gari. Idona na dama ya fara gani dishi-dishi. Sista ta rubuta ni a Larabar farkon watan gobe. Ni ne na uku a layi.